Gangara da allon taya: tarihin wasan da abin da ya rage mana a Bauchi

'Yan uwa ɗalibai masu tambayata me ya haɗa ɗan digiri na biyu da katako mai taya huɗu, ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun nan, amsar tana cikin tarihi.

A Kaliforniya ta Amurka wasan ya samo asali, wajejen shekarun 1950. Masu hawa igiyar ruwa a teku ne suka yaɗa shi: ranar da teku ya kwanta, sai su kafa tayoyin ƙarfe a jikin katako su hau titi. Tayar ƙarfe kuwa ba ta kama ƙasa, 'yar tsakuwa ma sai ta kifar da mutum. A farkon shekarun 1970 wani matashi, Frank Nasworthy, ya fito da tayar roba mai riƙe kwalta. Daga nan ne aka samu ƙarfin halin tunkarar gangara.

A 1975 aka fara tseren Signal Hill, kusa da Long Beach, inda Guy Grundy ya kai gudun kilomita 80 a awa. Amma fa tseren bai wuce 1978 ba. 'Yan wasa da 'yan kallo sun ji munanan raunuka, sai aka rufe shi.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki darasi. Suka mai da hular kwano dole, da safar hannu mai dafa kwalta wajen rage gudu, da kayan fata a ranar gasa. Suka koma neman titin da aka rufe wa motoci, irin hanyar Maryhill mai lanƙwasa a jihar Washington. Ko Peter Connolly ɗan Ingila, da ya haura kilomita 146 a awa a Kanada a 2017, a rufaffen titi ya yi. Abin da ya sa nake son wasan ke nan: kai kaɗai ne a kan allo, amma jama'a ce ke tsare maka rai.

Kar wani ya ce baƙon abu ne a wurinmu. Tun 1957 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu kan duwatsun zamiya da suka yi sulɓi saboda yawan hawa. Mu ma a Fadaman Mada da katako da boris muka taso. A Legas kuma, matasan WAFFLESNCREAM sun haɗa kansu sun buɗe shagon kayan wasan.

Matsalarmu a nan ita ce kowa gaban kansa yake yi. Yaro ya hau titi ba hula, ga Keke Napep, ga 'yan acaɓa, wani har ya kama bayan mota. Wallahi rauni ɗaya mai tsanani ya isa iyaye su haramta wasan gaba ɗaya, kamar yadda Signal Hill ya ƙare.

Shawarata: mu yi ƙungiya a makaranta, mu nemi izinin hanya guda da sassafen Asabar, masu tsaro a sama da ƙasa, kuma ba hula ba hawa. Mai sha'awa ya yi magana, ko bai taɓa taka allo ba.