Cinikin Ma'adinai a Ƙasar Jega: Daga Gishirin Foga zuwa Duwatsu Masu Daraja

Jega da Aliero da Maiyama garuruwa ne na jihar Kebbi da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri da Kwantagora. An fi saninsu da noma da kasuwanci, musamman albasar Aliero da kasuwar Jega, amma yankin yana da daɗaɗɗen tarihi a cinikin abin da ake tonowa daga ƙasa. Tarihin na masu saye da sayarwa ne fiye da na mahaƙa, kuma yanayin ƙasar ne ya sa haka.

Garuruwan uku suna zaune ne a cikin abin da masana ilimin ƙasa ke kira kwarin Sakkwato, wato shimfiɗar yashi da yumɓu da ruwa ya tara cikin miliyoyin shekaru. Irin wannan ƙasa tana ba da yumɓun tukwane da farar ƙasa da marmara da tama, amma ba a samun jijiyar zinariya ko duwatsu masu ƙyalli a cikinta. Sai an gangara kudu da gabas, wajen Yawuri da Zuru da Zamfara, ake hawa kan tsoffin duwatsu masu tauri inda zinariya ke kwance cikin jijiyoyin farin dutse. Saboda haka abin da ya haɗa ƙasar Jega da ma'adinai masu tsada shi ne hanya da kasuwa.

Kafuwar kasuwar Jega

An kafa Jega wajen shekarar 1820, lokacin da Buhari ɗan Abdussalami ya zauna da jama'arsa Gimbanawa a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin mulkin Gwandu. Wurin ya dace da fatauci. Gulbin yana haɗuwa da gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara, don haka jiragen ruwa na iya kai kaya har Yawuri da ƙasar Nufe. Ta tudu kuma ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan kafin su ƙetare Kwara su bi ta ƙasar Bargu zuwa Salaga. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya.

Babban ma'adinin wannan zamani shi ne gishiri. Mafi kusa da Jega shi ne na kwarin Foga, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, arewa da Gaya. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853, a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma bayyana yadda ake aikin: a kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin matatar ciyawa, a kwarara mata ruwa, sannan a dafa abin da ya tsane har ya daskare ya zama curi. Aikin rani ne, domin damina na cika kwarin da ruwa. Ban da na Foga, kasuwannin ƙasar Hausa sun san kantu da beza daga Bilma, da mangul daga Borno, kowanne da farashinsa da amfaninsa.

Kanwa ce ke biye da gishiri. Akwai ungurnu daga bakin tafkin Cadi, akwai jar kanwa da farar kanwa. Ana sa ta a girki da magani, ana haɗa ta da taba, ana ba dabbobi lasa. Fatake suna ɗaukar ta zuwa Gwanja su sayar su sayo goro. Sai tozali, dutse mai nauyi da ƙyalli wanda asalinsa tamar dalma ce. 'Yan koli ne ke yawo da shi kasuwa-kasuwa, mata kuma su niƙa su adana a tandu.

Duwatsun ado ma suna da nasu matsayi. A yankin Kirtashi da ke gaɓar Kwara a Nijar ana haƙo wani jan dutse, fatake Hausawa su gangara da shi ta kogi zuwa Ilori, inda masu sana'a ke feƙe shi su huda su mayar da shi duwatsun wuya da ake kira lantana, waɗanda sarakunan Yarabawa da na Bini ke ƙawa da su. Tsakiya kuwa, wani dutsen adon, daga nesa take zuwa. Da farko daga Indiya ake kawo ta ta hanyar ƙasashen Larabawa, daga baya a ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga sarrafa irinta musamman don kasuwannin Afirka. A duk wannan ciniki dillali ne ginshiƙi: shi ya san nagari da jabu, shi ke sasanta farashi, ya karɓi la'adarsa.

Zuwan Turawa

Mulkin mallaka ya sauya al'amarin ta fuska biyu. Na farko, gishirin Turai mai araha da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, sun karya tsohon fataucin ayari, iyakar Ingila da Faransa kuma ta raba Jega da kwarin Foga. Na biyu, Turawa sun zo da wani sabon salon neman dutse. Daga 1904 zuwa 1909 aka gudanar da binciken ma'adinai na Arewacin Najeriya, inda masana ke zagaya larduna suna tsintar samfur, su rubuta inda aka samo kowane ɗaya, su aika Landan a gwada. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya. Doka ta mayar da duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, ƙa'idar da har yanzu take cikin dokar ma'adinai ta 2007.

A shekarun 1930, da farashin zinariya ya tashi a duniya, kamfanoni da 'yan tsiraru masu lasisi suka bazama cikin lardin Sakkwato, musamman wajen Bin Yawuri da Maru da Anka. Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da aikin, amma ramukan da aka bari da sanin wanke yashi a kasko sun zauna a hannun mutanen karkara.

Zamanin duwatsu masu daraja

Daga shekarun 1980 sabon ciniki ya buɗe a Najeriya. An gano safaya a ƙasar Jama'a da ke kudancin Kaduna, akwamarin da zumurrudu a tsakanin Kaduna da Nasarawa, turmalin a wajen Keffi da arewacin jihar Oyo, daga baya kuma safaya a tsaunin Mambila. Jos da unguwar Ojoo ta Ibadan suka zama matattarar dillalai, inda Hausawa ke hulɗa da 'yan Senegal da Mali da Gini. Daga can duwatsun ke wucewa Bankok ta ƙasar Tailan, ko Idar-Oberstein ɗin da a da ke aiko da tsakiya.

Ƙarshen wannan hanya shi ne manyan bukukuwan baje kolin duwatsu. Mafi girma shi ne na birnin Tucson a Amurka, wanda aka fara a 1955, kuma ake yi a farkon kowace shekara. Akwai wani babba a birnin Munich na Jamus a watan Oktoba. Masu saye a waɗannan wurare iri biyu ne. Masu kayan ado suna duba launi da tsabta da nauyi, suna awo da karat, wanda biyar ɗinsa ke yin giram ɗaya. Masu tara duwatsu don sha'awa da gidajen tarihi kuwa suna neman dutsen da ya fito yadda Allah ya halicce shi, kusurwoyinsa ba su ɓantare ba, yana manne da uwar dutsen da ya tsiro a kai, tare da shaidar inda aka haƙo shi. Mahaƙin da bai san wannan ba yakan farfasa dutse da guduma don ya sayar a kan awo, ya zubar da mafi yawan darajarsa tun a bakin rami.

Har duwatsun da ke faɗowa daga sama suna cikin abin da ake farauta. Wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, mai nauyin kimanin kilo 18, bincike ya nuna daga duniyar Mars yake, kuma yankakkunsa sun bazu a gidajen tarihi da hannun masu tarawa a ƙasashe da dama. Wani irinsa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a kamfanin Sotheby's na New York a watan Yulin 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Halin da ake ciki a Kebbi

A jihar Kebbi zinariya ce ta fi ɗaukar hankali. Masarautar Yawuri na cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta fara gwada shirin tsara ƙananan mahaƙa, kuma a watan Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da zinariya mai nauyin kilo 12.5 da Babban Bankin Najeriya ya saya ƙarƙashin shirin. A 'yan shekarun nan neman litiyam, wanda ake yin batir da shi, ya ja jama'a zuwa Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski. Sana'ar tana da haɗari: a 2010 gubar dalma daga niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ban da ruftawar ramuka da illar zaiba.

Hanyar da ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama har yanzu ita ce ke haɗa Sakkwato da wuraren haƙa na kudancin jihar, kuma tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Tarihin shekaru 200 ya nuna cewa a cinikin ma'adinai riba tana hannun wanda ya san dutse, ya kuma san kasuwarsa. A zamanin gishiri da kanwa wannan sani yana wurin dillalan gida. A zamanin zinariya da safaya mafi yawansa yana ƙasashen waje, shi ya sa mahaƙi ne ke samun kaso mafi ƙaranci duk da shi ke ɗaukar wahala mafi girma.