Yadda Mai Haɗa Kiɗa Ya Zama Maigida a Faifai

A da, sunan mawaƙi ake bugawa baro-baro a bangon faifai, wanda ya haɗa kiɗan kuwa sai an laluba can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Haka aka yi a 1977, sa'ad da Giorgio Moroder da Pete Bellotte suka shirya wa Donna Summer waƙar "I Feel Love" a sutudiyon Musicland da ke Munich a Jamus. Kusan duk kiɗan daga na'urar Moog ya fito, wani akwati mai ramuka da wayoyi da ake cusawa ana zarewa, wanda sautinsa kan kauce sai an tsaya an sake daidaita shi. Duniya ta taka rawa, ta ce waƙar Donna ce. A 1991 sai masu haɗa kiɗa, Massive Attack na Bristol a Ingila, suka fitar da kundin Blue Lines da sunansu a gaba, Shara Nelson da Horace Andy na Jamaika suka shigo a matsayin baƙi. Wannan sauyi gyara ne, domin a irin wannan kiɗa wanda ke zaune gaban na'ura shi ke zaɓar sauri da amo, shi ke yanke inda murya za ta shiga da inda za ta yi shiru, shi ke ɗinke waƙoƙi su zama kundi guda.

Wani zai ce ai murya ce ran waƙa, kuma Bahaushe ba zai rasa hujja ba: Mamman Shata ne maigida, makaɗan kalangu da 'yan amshi suna bayansa. Amma Shata ya samu wannan matsayi ne saboda shi ke tsara waƙar yana jan ragamarta. Ma'aunin ke nan, kuma da shi aka auna mai haɗa kiɗa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa tsarin ya buɗe ƙofar cin gumin mawaƙa, musamman mata baƙar fata. A 1989 ƙungiyar Black Box ta Italiya ta yanko muryar Loleatta Holloway ta saka a "Ride on Time", aka sa wata mai tallan kayan ƙawa tana motsa leɓe a bidiyo. A 1990 Martha Wash ta rera "Gonna Make You Sweat" ta C+C Music Factory, a bidiyo kuma aka nuna Zelma Davis, sai da Martha ta kai ƙara kotu. Wannan zalunci ne tsantsa. Sai dai laifin na ɓoye suna ne, wato irin abin da aka daɗe ana yi wa masu haɗa kiɗan su kansu, kuma maganinsa a ambaci kowa da aikinsa, a biya shi haƙƙinsa.

A 2013 Daft Punk na Faransa suka fitar da Random Access Memories, suka gayyato Pharrell Williams da Nile Rodgers a "Get Lucky". Cikin baƙin har da Moroder, yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa a waƙar da aka raɗa wa sunansa. A 2014 kundin ya ci lambar Grammy ta kundin shekara.