Bitamin D da Korona: Wanne Ya Jawo Wanne?

'Yan uwa marubuta, mu tuna 2020. Likitoci sun lura cewa da yawa daga waɗanda korona ta kwantar bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa. Tunda yana da hannu wajen lafar da kumburin da ke lalata huhu, sai aka sa rai. Wani ƙaramin gwaji a Kordoba ta Sifaniya, kan majinyata 76, ya ƙara rura zancen, har muka riƙa ganinsa a WhatsApp tamkar an samu magani. Amma a Barazil an gwada mutum 240, aka ba rabinsu babban kaso guda. Sakamakon 2021 ya nuna ba su riga sauran barin asibiti ba. Ashe kumburin kansa yakan rage bitamin ɗin a jini, don haka ƙarancin na iya zama sawun cutar ne kawai.