Tsanin Ƙanƙara: Tarihin Ƙananan Rukunan Gasar Hoki ta Matasan Duniya

A ranar 26 ga watan Disamba ne aka saba buɗe babbar gasar hokin ƙanƙara ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin. Ƙasashe goma ke kara wa juna, kuma a Kanada kallonta ya zama wani ɓangare na hutun ƙarshen shekara, har ta kai mutum fiye da 450,000 suka shiga kallon wadda aka yi a birnin Ottawa a 2009. Amma a cikin hunturun nan guda, akwai wasu ƙasashe wajen talatin da ke buga irin wannan gasa a garuruwan da ba kasafai ake jin sunansu ba, kamar Sanok a Folan, da Bled a Sulobeniya, da Dunedin a Niyu Zilan. Waɗannan su ne ƙananan rukunai. Tarihinsu tarihin wani tsani ne da aka kafa domin auna ƙasashe, alhali masu hawansa yara ne da wa'adinsu kan cika tun kafin su ga inda ya ƙare.

Shi hokin ƙanƙara wasa ne na mutum shida-shida. 'Yan wasa kan sa takalma masu siririn ƙarfe a tafinsu, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa zuwa ragar abokan hamayya. Ana yin sa zango uku, kowane zango minti ashirin. Hukumar da ke kula da shi a duniya, wadda aka fi sani da IIHF, an kafa ta a birnin Faris a 1908, kuma hedikwatarta a yau tana Zurich ta ƙasar Suwizalan. Duk da daɗewarta, gasar matasa ba ta zo da wuri ba. An gwada ta sau uku daga 1974 zuwa 1976 ba tare da hatimin hukuma ba, sannan aka yi ta farko a hukumance a 1977 a tsohuwar Cekosulobakiya, inda Tarayyar Sobiyet ta ɗauki kofi.

Tun daga farko aka ga matsalar da ta haifi rukunai. Tazarar da ke tsakanin ƙasar da kusan kowane gari yake da filin ƙanƙara da wadda filayenta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ta wuce a haɗa su a fage ɗaya. In an haɗa, babba ba zai ƙaru da komai ba, ƙarami kuwa zai koma gida da karyayyar zuciya. Saboda haka aka buɗe rukunin B a 1979 a garin Caen na Faransa, Suwizalan ta lashe shi. Rukunin C ya biyo baya a 1983 a Bukares ta Romaniya, rukunin D kuma a 1996. A 2001 aka sauya haruffan da lambobi, suka koma Rukuni na Ɗaya, na Biyu da na Uku a ƙarƙashin babbar gasa. Daga 2012 aka raba na Ɗaya da na Biyu gida biyu-biyu, A a bisa B. Ƙa'idar a taƙaice take: ƙasashe shida kan taru a gari ɗaya na mako guda, kowace ta buga wasa biyar, ta farko ta hau mataki ɗaya, ta ƙarshe ta sauka.

A takarda, wannan tsari awo ne na ƙwarewa zalla. Sai dai siyasa ta sha sa hannu a kan ma'aunin. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, Cekosulobakiya kuma ta rabe biyu a farkon 1993, Rasha da Jamhuriyar Cek ne suka gaji kujerun da ke sama. Sauran sababbin ƙasashe, irin su Sulobakiya da Latbiya da Yukiren da Belarus da Kazakistan, aka ce su fara daga ƙasa. Yaran da makarantun hoki mafi inganci a duniya suka raina sai ga su suna karawa da ƙasashen da wasan yake tatata a cikinsu. An yi shekaru ana ganin sakamakon da ba ya yi wa kowa daɗi, domin mai ci bai sha wuya ba, wanda aka ci kuma bai sami sararin koyon komai ba.

Sulobakiya ta lashe rukunin C a 1994, ta zo ta biyu a rukunin B a 1995, ta shiga babbar gasa a 1996 lokacin da aka faɗaɗa ta daga ƙasashe takwas zuwa goma. A 1999, a birnin Winnipeg, ta doke Suwidin ta ɗauki lambar tagulla. Ita ma Kazakistan ta hau mataki-mataki har ta iso sama a 1998 a ƙasar Finlan, inda ta lallasa Kanada da ci 6 da 3 a wasan neman matsayi na bakwai, ta bar uwar wasan a na takwas. A cikin 'yan wasanta har da Nikolai Antropov, ɗan garin Ust-Kamenogorsk, wanda a bazarar wannan shekara ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta zaɓe shi a matsayi na goma a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada.

Wanda ya dubi labarin Sulobakiya da kyau zai ga abin da ya bambanta wannan tsani da na manya. Marian Gaborik, ɗaya daga cikin waɗanda suka rataya tagullar 1999, bai wuce shekara 12 ba a lokacin da ƙasarsa ke fafutukar fita daga rukunin C. Waɗanda suka yi wannan fafutuka kuwa, duk sun girme wa gasar kafin ranar Winnipeg ta zo. Ɗan wasan manya zai iya shekara goma sha biyar yana wakiltar ƙasarsa, ya hau da ita, ya sauka da ita, ya sake hawa. Matashi ba shi da wannan dama. Hunturu biyu ko uku ne rabonsa, kuma ƙarfin kowace tawaga yakan dogara ne a kan 'yan shekara goma sha tara, waɗanda wannan ce gasarsu ta ƙarshe. Su ne ke cin rukuni, ƙannensu ne ke zuwa sama a shekara mai zuwa. Wani ya share gona, wani ya zo girbi, kuma sau da yawa mai girbin bai kai mai sharar ƙarfi ba. Wannan shi ya sa ƙasar da ta hau bana take yawan saukowa baɗi.

Danmak ta ɗanɗani haka har sau biyu. Ta hau babbar gasa a 2008, ta sake hawa a 2012, kuma duka biyun ta sauko nan take ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba. A watan Disamba na 2013 ta sake lashe rukuninta a Sanok, amma a wannan karo jagororin tawagar ƙanana ne: Nikolaj Ehlers yana da shekara 17, Oliver Bjorkstrand 18. Da aka je Kanada a gasar 2015, su ɗin dai ne a gaba. Danmak ta ci wasanta na farko a tarihin babbar gasa, a kan Suwizalan, a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta kai zagayen ƙasashe takwas, kuma ta zauna a sama har zuwa 2019. Abin da ya sauya shi ne waɗanda suka share gonar sun sami halartar girbi. Da an haifi waɗannan yara biyu shekara ɗaya ko biyu kafin haka, da ƙila labarin ya zama irin na baya.

Ga shi kansa yaron mai baiwa, ƙaramin rukuni taga ce ƙunƙuntacciya. Wakilan manyan ƙungiyoyi da ke yawon neman sababbin 'yan wasa kan cika kujeru a babbar gasa, amma kaɗan ne ke bin hanyar Sanok ko Dunedin. Ko sun je, akwai tambayar da ke damun su: wanda ya yi fice a cikin raunana, yaya zai kasance a cikin ƙarfafa? Saboda haka kusan duk wanda ya fito daga waɗannan ƙasashe ya yi suna, sai da ya bar gida da ƙuruciya. Anze Kopitar, ɗan garin Jesenice mai masana'antar ƙarfe a Sulobeniya, ya koma Suwidin a 2004 yana ɗan shekara goma sha bakwai ko ƙasa da haka. Ya wakilci ƙasarsa a Rukuni na Ɗaya, bai taɓa taka babbar gasar matasa ba. Duk da haka Los Angeles Kings ta zaɓe shi a matsayi na 11 a 2005, ya zama ɗan Sulobeniya na farko a NHL, ya ɗaga Kofin Stanley a 2012 da 2014, ya kuma zama kyaftin ɗin ƙungiyar a 2016.

Nathan Walker ya tashi a Sydney ta Ostareliya, ya tafi Jamhuriyar Cek yana ɗan shekara 13, a ƙasar da bai san harshenta ba. Washington Capitals ta zaɓe shi a 2014, kuma a watan Oktoba na 2017 ya zama ɗan Ostareliya na farko da ya buga NHL, har ya ci ƙwallo a wasansa na farko. Liam Kirk kuwa ya daɗe a gida fiye da su. A Ingila aka haife shi, a Sheffield ya ƙware, ya wakilci Birtaniya a ƙananan rukunai, sannan Arizona Coyotes ta zaɓe shi a matsayi na 189 a 2018, abin da ba a taɓa yi wa wanda aka haifa aka kuma horar a Ingila ba. A gasar manya ta duniya ta 2021 a Riga ya ci ƙwallo bakwai, babu wanda ya fi shi. Amma ƙofar NHL ba ta buɗe masa ba, ya dawo Turai ya ci gaba da sana'arsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ji masu magana, sai dai a wannan fage ba kowace kyakkyawar Laraba ce ke kai wa ga Juma'a ba.

Ficewar irin waɗannan yara takan amfani ƙasarsu ta wani gefe, ta cuce ta ta wani. Suna dawowa da ƙwarewar da ba za su samu a gida ba, sunansu kuma yakan ja ƙananan yara zuwa filin ƙanƙara. Amma gasar cikin gida takan rasa fitattunta, kuma ba kullum ƙungiyar waje ke sakin ɗan wasa a tsakiyar kaka domin ya je gasar da ba ta ɗauka da muhimmanci ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara fito da matsayin ƙananan rukunai fili. Da annobar korona ta ɓarke, an gudanar da babbar gasar 2021 a Edmonton, a rufe, ba 'yan kallo, amma an soke ƙananan rukunai gaba ɗaya. Ga hukuma, shekara ɗaya ce ta faɗi daga jadawali. Ga ɗan shekara goma sha tara na Romaniya ko Mekziko, gasarsa ta ƙarshe ce ta tafi, ba kuma za a maido masa da ita ba. A watan Disamba na 2021 Belarus ta lashe Rukuni na Ɗaya A, Latbiya ta zo ta biyu. Bayan wata biyu Rasha ta kai wa Yukiren yaƙi, hukumar ta dakatar da Rasha da Belarus. Yaran Belarus sun ci matakin a kan ƙanƙara, suka rasa shi a ofis. Latbiya ce ta shiga babbar gasa a watan Agusta na 2022, ta kai zagayen ƙasashe takwas a karo na farko, kuma a watan Disamba na 2024 ta doke Kanada da ci 3 da 2 a Ottawa, a gaban 'yan kallon Kanada. Siyasar da ta tura Latbiya ƙasa bayan 1991 ita ce ta buɗe mata ƙofa bayan shekara talatin.

A can ƙasan tsani, a Rukuni na Uku, lissafin daban ne. Nan ake samun ƙasashe irin su Turkiyya da Bulgeriya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, wadda ta shiga hukumar tun 1937, kuma ita ce fuskar nahiyar Afirka da aka fi gani a wannan gasa. Yawancin 'yan wasan ɗalibai ne, kuma kayan wasa da hayar fili da doguwar tafiya a jirgi nauyi ne da kan faɗo har a kan iyaye. Da wuya wakilin NHL ya leƙo. Amfanin gasar a wurinsu shi ne ta ba ƙaramar hukumar ƙasa hujjar riƙe tawagar matasa, ta ba yaro dalilin ci gaba da wasa bayan ya gama sakandare. Daga cikinsu ake samun tawagar manya ta gobe, da masu horarwa, da alƙalan wasa. In aka cire wannan mako guda daga shekara, wasan zai iya mutuwa a wasu ƙasashe ba tare da duniya ta lura ba.

Littattafan sakamako kan rubuta sunan ƙasa: Sulobakiya ta hau, Danmak ta sauka, Latbiya ta ci Kanada. Haka ya kamata, domin ƙasa ce ke wanzuwa, tawaga kuwa sabuwa ce kowace shekara. Amma mai karanta tarihin nan zai fi fahimtarsa in ya tuna cewa tagullar Winnipeg ta fara ne daga hannun wasu yara na 1994 da ba su rataya ta ba. Sun buga wasanninsu a rukunin C a gaban 'yan kallo kaɗan, suka ɗaga ƙasarsu mataki ɗaya, sannan shekarunsu suka fitar da su daga fage.