Abaka Da Takalmin Saƙa Na Filifin

A ƙasar Filifin akwai wani tsiro, ɗan'uwan ayaba, da ake kira abaka. Tun kafin Sifaniyawa su kafa mulki a 1565 mutanen tsibiran ke ɓare jikinsa, su fitar da zare, su shanya, su saƙa tufafi. Matan ƙabilar T'boli ta Mindanawo da shi suke saƙa yadin t'nalak, har gwamnati ta karrama gwanarsu, Lang Dulay, a 1998.

Amma idan muka zo kan takalmi, sai mu yi hattara. Sunan silifa a can, tsinelas, aro ne daga Sifananci. Ke nan zaren ɗan gida ne, sunan baƙo. Masaƙa irin na yankin Bikol su suka haɗa su.

A ƙarni na 19 da abaka ake tufka igiyar jiragen ruwan duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nailan ya karya wannan kasuwa, silifar roba kuma ta ture bakya, takalmin katako, ta matsa wa na saƙa. Roba ta fi araha, ba mu musa ba. Sai dai saƙa a hannu take zaune. Ranar da masaƙi ya rasa mai saye, ɗansa ba zai koya ba.