Daga kwana 15 na kwamanda zuwa awa 48 na komisariya

Jama'a, a duk lokacin da aka buɗe layin waya a rediyo kan maganar tsaro, ƙorafi iri biyu muke ji, kuma sau da yawa daga baki ɗaya suke fitowa. Na farko: ɓarayi sun dame mu, a ba jami'an tsaro dama su yi aikinsu. Na biyu: an kama ɗana yau kwana biyar ke nan, ba a kai shi gaban alƙali ba. Wannan ja-in-ja ya girmi ƙasar Nijar kanta, shi ya sa muka ce bari mu koma baya mu ga daga ina aka faro.

Kafin zuwan Nasara, kamu aikin dogari ne. A Damagaram zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, dogarai su ne hannun sarki: su kamo, su tsare, su zartar da hukunci. Akwai alƙalai, amma dogari ga sarki kaɗai yake amsawa. Faransawa sun shiga Zinder a 1899, kuma ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora nasu a bisa. Suka kawo gardi, masu tsaron kwamanda, waɗanda ke rakiyar karɓar haraji, suna tattara mutane aikin dole, suna tsaron kaso. Dokar da ta ba su ƙarfi ita ce wadda ake kira indigénat, dokar ƴan ƙasa. A ƙarƙashinta kwamanda na iya ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Laifin kuwa? Jinkirin biyan haraji, ƙin fita aiki, ko abin da kwamanda ya ga raini ne. Shi ke ƙara, shi ke shari'a, kurkukun ma nasa ne. Sai a 1946 aka soke wannan doka, a shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta hana aikin dole.

To, an soke dokar a takarda, amma gardin da suka yi aiki da ita su ne dai suka ci gaba da aiki. Bayan ƴancin kai na 1960 rundunar ta zama Garde républicaine. A 1997, bayan sulhu da ƴan tawayen arewa, ta koma FNIS, sannan a 2010 aka raɗa mata suna Garde nationale. Har yau ita ke tsaron gidajen kaso. In tsoho a ƙauye ya ga kaki ya sauka daga hanya, tsoron nan gadonsa ya yi.

A 1961 sabuwar ƙasa ta rubuta kundin hukunta laifuka da kundin tafiyar da shari'ar laifi, duka bisa salon Faransa. Nan ne aka samu ƙa'idar da ya kamata kowa ya haddace: ɗan sanda ko jandarma na iya tsare wanda ake zargi awa 48, kuma ba a ƙara wasu awa 48 sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Daga kwana 15 zuwa kwana biyu, ci gaba ne babba. Sai dai dokar ta tsaya a ƙofar siyasa. Zamanin Diori, ƴan Sawaba sun sha kamu da azaba, musamman bayan 1964. Zamanin Kountché, daga 1974, kalmar "Coordination" kaɗai ta isa ta sa hira ta mutu a majalisa. Manyanmu da yawa na yabon wancan lokaci, suna cewa kana iya barin kekenka a bakin kasuwa ka same shi. Ba mu musa musu ba. Amma a lokacin nan ne mutum ke ɓacewa zuwa Dao Timmi, iyalinsa ba su da ofishin da za su je su tambaya.

Ranar da tambayar "wa ya ba da umurni?" ta fito fili ita ce Juma'a 9 ga Fabrairu 1990. Ɗalibai suka taso daga jami'ar Yamai za su ƙetare gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Uku suka rasu: Issaka Kaïné, Alio Nahantchi da Abdou Mamane Saguirou. Jinin nan na cikin abin da ya haifi babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, inda aka kafa hukumar binciken laifuka da cin zali. Waɗanda suka bi zaman ta rediyo sun ji abin da kunnen ɗan Nijar bai taɓa ji ba: manyan masu kaki suna amsa tambaya a bainar jama'a. An yi magana, an yi kuka, amma har yau duk 9 ga Fabrairu ƙungiyar ɗalibai ta USN na fitowa tana neman a yi shari'a.

Gyaran da ya fi shafar talaka kai tsaye ya zo ne shiru, ba ganga. A garambawul ɗin da aka yi wa kundin shari'a a farkon shekarun 2000, aka ce dole a sanar da wanda aka tsare cewa yana da damar ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba a yi ba aikin binciken ya ɓaci. Aka kuma ce in za a gabatar da shi gaban mai shigar da ƙara, sai da takardar likita mai shaida cewa ba a dake shi ba. A 2014 wata ƙa'idar UEMOA ta matso da lauya tun daga lokacin kamu. A 2020 kuma azabtarwa ta zama laifi mai suna a kundin hukunci. Kun ga, doka ba ta rasa ba. Matsalar ita ce yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Mutumin Dakoro ko Tanout da aka kama ranar kasuwa, wane lauya zai kira cikin awa 24, kuma da wane kuɗi?

Akwai lokacin da dokar ta ciji nata. A Afrilun 2017, a zanga-zangar da ɗalibi Mala Bagalé ya rasa ransa, wani bidiyo ya bazu a wayoyi yana nuna ƴan sanda suna dukan wani ɗalibi a bayan mota. Aka kama uku daga cikinsu, kotu ta yanke musu shekara guda a kaso. Wasu sun ce hukuncin ya yi kaɗan. Mu dai abin da muka lura shi ne, wayar salula ce ta yi aikin da hukumar sa ido ya kamata ta yi, kuma ba kowane duka ne ke samun mai ɗauka ba.

Yanzu nauyin ya karkata wani wajen. A Madarounfa da Gidan Rumji, masu satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suna ƙetarowa daga dazukan iyaka, ƙauyuka kuma suna kafa ƴan banga don kare kansu. Wanda aka kwashe wa garke ba zai saurari karatun awa 48 ba, kuma ba mu ga laifinsa. Amma doka ta ba ɗan ƙasa damar kama ɓarawon da ya samu yana cikin sata ne kawai don ya miƙa shi ga jandarma ko ɗan sanda mafi kusa. Ɗan banga ba shi da rajistar tsarewa, ba mai shigar da ƙara a kansa, ba likitan da zai duba jikin wanda ya kama. In ya ɗaure bafulatanin da ya tarar yana kiwo don kawai ya yi kama da waɗanda suka zo jiya, iyalin mutumin nan ba su da ko ƙofar komisariya da za su je su zauna.