Daga Gizago zuwa Zarto: Adon Katako na Kirsimeti a Ƙasar Ƙonni

Wanda ya shiga ɗakin wani Kirista a Galmi cikin watan Disamba, yana iya tarar da ɗan guntun katako rataye a bango, an zana tauraro a samansa, an rubuta aya da harshen Hausa a ƙarƙashi. Tarihin wannan ɗan katako ya haɗa sana'o'i biyu waɗanda ba tare suka zo ƙasar nan ba.

Ta fari ita ce sassaƙa. Tun kafin ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, masassaƙi yana fitar da turmi da akushi da kujerar mata daga kututture guda, da gatari da gizago, ba ƙusa ba haɗi. Shi ne kuma mai fafe allon makaranta, galibi daga itacen aduwa saboda ƙarfinsa da santsinsa. Idan almajiri ya sauke, a kan yi masa allon zayyana mai launuka, a adana shi a ɗaki. Ke nan katako mai ɗauke da rubutu mai tsarki ba baƙon abu ba ne ga idon Bahaushe.

Ta biyu ita ce kafinta, wadda sunanta ma aro ne daga Ingilishi. Ita ce ta zo da zarto da ƙusa da yankakken katako, ta biyo bayan barikin Nasara da tashoshin mishan. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi a hannun likita Burt Long, a garin da ke cikin gundumar Malbaza tun 2011. Asibiti kuwa yana bukatar ƙofa da gado da benci, kuma a kewayensa ne wata ƙaramar jama'ar Kirista ta taru.

Turawan sun zo da nasu adon. Bishiyar Kirsimeti al'adar Jamus ce tun ƙarni na 16, sai da aka buga hoton iyalin Sarauniya Biktoriya kewaye da ita a 1848 ta bazu a Ingila. Kwaikwayon sakarkarin da aka kwantar da jariri ana danganta shi da Faransis na Asisi, a Italiya, a 1223. Amma itacen da ake sara a Turai ba ya fitowa a Adar, kuma Disamba a nan lokacin hunturu ne da ƙura. Ban da haka, mishan ɗin Galmi na masu bishara ne, waɗanda suka fi ba rubutacciyar kalma muhimmanci a kan siffa, ga shi tun 1932 Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausar boko. A ganina, waɗannan dalilai ne suka sa rubutu ya rinjayi mutum-mutumi a bango. Maƙwabci Musulmi, wanda ba ya sakewa da sassaƙaƙƙiyar siffa, ba ya ganin abin ƙyama ga allo mai rubutu. A ƙasar da Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Aikin kansa ba shi da wuya. A kan samo ragowar katako a wurin kafinta, a yanke shi da zarto, a goge har ya yi sumul, a fitar da zanen da fensir. Daga nan mai fenti ya shafa fenti, mai haƙuri kuma ya bi layin da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake ƙuna a bayan ƙwarya. Na fi son na biyun: baƙin wuta ba ya kodewa, kuma hannun da ya saba da ƙwarya ba ya bukatar malami. A huda sama, a zura igiya.

Abin da ya yi wuya shi ne itacen. Farin shekarun 1973 da 1984 ya rage dajin ƙwarai, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta ɗaure saran itatuwa da izini. Shingayen bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da rainon tohon kututture da Tony Rinaudo na SIM ya yaɗa a Maraɗi daga 1983, sun mayar da inuwa gonaki, amma aduwar da za ta ba da allo mai faɗi sai ta shekara da yawa. Katakon kafinta daga kudu yake zuwa, ta Illela ta Nijeriya da ke daura da Ƙonni, wadda bai kamata malami ya bari ɗalibai su rikita ta da Illelar jihar Tawa ba. Ta wannan hanyar ce kuma adon roba da fitilu masu ƙyaftawa ke shigowa da araha, kuma su yara suka fi so.